Malamin Da Ke Gaisuwa A Tsaye Saboda Keke

Don girman Allah, Malam mai ba da shawara, ka taimake ni da amsa ko da layi biyu ne. Na daɗe ina juya maganar nan a raina ban sami wanda zan faɗa wa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tambayar ƙarama ce har ina jin kunyar yin ta: wane irin kwaɗo ne mai ƙarfi, marar tsada, da mutum zai kulle keke da shi cikin jama'a ya juya baya hankalinsa kwance?

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. En'e ta turo ni Malikanchi a ƙasar Ikara, ina koya wa manya karatu bayan la'asar. Asalina mutumin Kudan ne. Matata Zulai ta rasu daminar bara, Allah ya jiƙanta, ta bar mini yarinya guda, Ummuhani, 'yar shekara huɗu, tana can hannun mahaifiyata. Duk Alhamis nakan hau keke in je in gan ta, in dawo bayan Juma'a. Wannan tafiyar ita kaɗai nake ɗoki a duk mako.

Wata biyar da suka wuce na bi ta Makarfi, na tsaya bakin kasuwa in saya mata mazarƙwaila. Na murɗa ɗan makullin nan da ke manne a ƙafar baya, na jingine keken a gindin ɗorawa. Ko ciniki ban gama ba na waiwayo, sai wayam. Ashe cak aka ɗauke shi, da makullin da komai. 'Yan doka suka tambaye ni lambar da ke jikin ƙarfen keken, ni kuwa ban ma san akwai ta ba. Mako uku ban je Kudan ba. Ranar da na samu na je a ƙafa, yarinyar nan ta ɓuya bayan kakarta tana leƙena kamar baƙo. Malam, ban taɓa jin abin da ya sosa mini rai haka ba tun rasuwar uwarta.

Inna ce ta ga halin da nake ciki, ta sayar da tumakin da Zulai ta bar wa Ummuhani, aka saya mini wani keken na hannu. Ka ga ke nan ba nawa ba ne, dukiyar marainiya nake hawa. Tun daga ranar ban yarda na saki ƙahonsa ba in dai a waje nake. In na iske dattawa a gindin bishiya nakan sauka, amma ba na iya jingine shi in je in durƙusa kamar yadda aka saba, sai in gaishe su a tsaye ina riƙe da shi. Masallaci kuwa a sahun ƙarshe nake tsayawa, daga waje, inda zan riƙa ganinsa da wutsiyar ido, Allah ya gafarta mini. Yanzu na ji ana cewa malamin boko girman kai gare shi, ba ya tanƙwara wa kowa gwiwa. Wallahi ba haka ba ne, tsoro ne kawai.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin shi ne ranar sunan jikan Mai Unguwa Ashafa. Dattijon nan shi ya sauke ni da na zo garin, kullum daga gidansa ake aiko mini da tuwo. Na ce yau kam sai na shiga zaure na zauna kamar kowa. Sai na samo igiyar ɗaure jaki da ɗan kwaɗon akwatina, na ɗaure keken a jikin dirkar rumfar ƙofar gidansa, a gaban duk manyan gari, har na jijjiga shi sau biyu in tabbatar. Da na ɗago sai na ga kowa ya zuba mini ido. Mai Unguwa bai ɗaga murya ba, ya dai ce tun zamanin kakansa ko kaza ba ta taɓa ɓata a ƙofar nan ba. Aka ba ni goro, na ci ba ɗanɗano.

Tuwo bai daina zuwa ba, amma yanzu a bakin ƙofa ake ajiyewa a juya. Ajina ya watse, saura mutum bakwai, kuma an ce in mai duba ajujuwa ya zo ya tarar da haka rufewa zai yi. Nakan wuni ban yi maganar kirki da kowa ba. Wani lokaci sai in tsinci kaina ina goge keken da ba ya da ƙura, don dai in sami abin yi.

Na duba kwaɗunan 'yan koli na sule ɗaya, ban yarda da su ba. Na kanti a Zariya kuwa an ce ya fi ƙarfin aljihuna. Wanne zan saya, Malam?

Naka,
Baƙo Mai Keke, Malikanchi

*

Malam Baƙo, Allah ya jiƙan Zulai, ya raya abin da ta bari. Tambayarka ba abin kunya ba ce, kuma zan fara da ita.

Gaskiyarka da ka ƙi kwaɗon 'yan koli. Gwangwani ne, mabuɗin wannan yakan buɗe wancan, dutse guda ya isa ya fasa shi. Na kantin Zariya kuma rabin kuɗinsa na ƙyalƙyali ne. Nemi na tsakiya, irin wanda 'yan kasuwa ke rufe ɗakin ajiyar hatsi da shi. Ka ɗauka a hannu ka ji nauyi, ka ga lanƙwasasshen ƙarfen kansa ya kusa kaurin ƙaramin yatsanka, ba ya kuma girgiɗi in an rufe. Tsoho mai kyau ya fi sabo marar nauyi, amma kada ka karɓa sai da mabuɗi biyu.

Kwaɗo shi kaɗai ba ya tsare keke, sai da sarƙa, domin igiya wuƙa ce maganinta. Je wurin maƙeri a Ikara ko Makarfi ya ƙera maka mai kauri, kamu biyu, ka tsaya ka ga ya haɗe bakin kowane zobe a wuta. Zura ta cikin tsohuwar robar taya don kada ta kankare fenti. In za ka ɗaure, sarƙar ta ratsa ƙafar baya da gangar jikin keken tare, ta zagaye bishiya ko turken da ba ya tugewa, a inda idon mutane yake. Lambar nan kuma ka duba ƙarƙashin sirdi ko ƙasan inda feda take, ka rubuta ta ka ajiye tun yau.

Sai maganar da ba ka tambaya ba, wadda ita ce ta sa ka rubuto. Ba ka yi laifi ba da ka ji tsoro. Wanda aka yi wa sata, kuma yake hawa dukiyar 'yarsa, dole ya yi hattara. Amma Mai Unguwa ma bai yi laifi ba da ya ji zafi. A ƙauye abin da baƙo ya ajiye a ƙofar gida amanar maigidan ne, kai kuwa ka ɗaure naka ka jijjiga a gaban baƙinsa ranar farin cikinsa. Sarƙa ta kasuwa ce da tasha da garin da ba a san ka ba, ba ta ƙofar wanda ke ciyar da kai ba.

Ina zaton mutanen Malikanchi ba su san komai game da Zulai da tumakin Ummuhani ba. Ni da nake nesa ka faɗa mini, su da ke kusa ka bar su suna ta hasashe. Saboda haka gobe da safe ka tura keken zuwa gidan Malam Ashafa, ka jingine shi a bango ba ɗauri, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa da gwiwa biyu. Ka ba shi labarin yadda ka ba ni, kada ka rage komai, ka nemi afuwa. In ka sayi kwaɗon, mabuɗi na biyu a hannunsa za ka bar shi. Ba na ce ajinka zai cika a mako guda ba, amma dattijon da bai hana ka tuwo ba yana cikin fushi, ba zai ƙi sauraronka ba.

Zuciyarka za ta yi ta fizgarka ka waiwaya wajen keken kana tsakiyar gaisuwa. Ka daure, kada ka waiwaya. Allah ya tsare maka abin hawanka, ya ba ka abokan zama, ya kai ka Kudan lafiya ranar Alhamis.