Kunnen Ilu ya buɗe

Ɗana Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Ina gajiya, ina aiki, yaya zafin Agadas? Mu nan Belbeji lafiya lau, da matarka Hadiza da yara.

Albishirinka! Ɗanka Ilu ba taurin kai ne da shi ba, kuma bai manta da kai ba. Malamarsu ta jardan, wato makarantar ƙananan yara, wadda ke duba idanunsu da farcensu kowace safiya, ita ta lura. In ta tafa hannu daga hagu, duk yara su waiwaya, shi kaɗai ba ya motsi. Ta biyo shi har gida ta ce mini, "Inna, yaron nan ba ƙin magana yake ba, ji ne ba ya yi. Ku kai shi likita yau."

Muka kai shi. Wallahi, ƙwayar wake majo, babban ma'aikacin asibitin, ya zaro daga kunnensa na hagu, har ta kumbura! Ya ce da an daɗe, da kunnen ya lalace. Jiya akuya ta yi kuka a bayan gida, ya zabura yana dariya: "Kaka, na ji ta!"

Kai kuwa, ka ji kunya. Don ɗan yaro ya yi shiru a waya, sai uba ya yi fushi ya daina kira? Baƙuwa ta yi haƙurin da ka kasa.

Ka sa malamar a addu'a, ka gaida abokan aikinka. Ka kira ran Juma'a. Yanzu zai ji ka, sai ka san abin da za ka faɗa masa.

Mahaifiyarka