Baba Ya Ƙure Ni Kan microRNA

Daren Asabar, Bakori

Jibi zan kare bincikena a jami'a, shi ya sa ɗazu na gwada bayanin a gaban Baba, yana ɓare masara. Na ce ƙwayoyin garkuwar jiki masu tasowa suna ƙona sukari don su girma, wata 'yar mitsitsiyar aba kuma da ke cikinsu, ana ce mata microRNA, ita ke rage musu wuta kada su zarce.

Ya ce, "Kamar taki ke nan, in ya yi yawa ya ƙone shuka."

Har na fara washe baki, sai ya ɗago kai. "To Uwata, ita 'yar mitsitsiyar, wa ke gaya mata ya isa haka?"

Shekara uku ina ɗakin gwaji! Na ce bari in duba tukunya, alhali ba ni na ɗora ba.

Allah ya sa farfesoshin nan ba su taɓa noma ba.