Rumbun Baba da Muka Ɓoye wa Baƙo

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Sundimina lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Wani malamin jami'a mai nazarin zaman jama'a ya zo mana daga Kano. Yana zagaya ƙauyukan sabuwar jiharmu yana neman dabarun da mutane suka ƙirƙiro da kansu, don ya ba gwamnati shawara ta tallafa musu. A Birnin Kudu ya ji labarin rumbun gayya da marigayi Baba ya kafa, wanda ake ciyar da marayu daga cikinsa idan damina ta yi tsakiya.

Da dattawa suka ga mota, sai suka ɗauka rabon taki ne. Kawu Idi ya ce, "Malam, mu ba mu da komai sai abin da gwamnati ta ba mu." Da malamin ya tambayi labarin rumbun, suka ce ai tuni ya rushe. Alhali yana nan bayan masallaci, cike da dawa! Ina zaune a wurin, amma ka san ɗa ba ya ƙaryata kawunsa a gaban baƙo. Da kana nan, da ka san yadda za ka gyara maganar.

Mutumin ya yi godiya, ya wuce Fagam. Taki kuwa har yau shiru. Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Babanku ya gina rumbun nan don kada mu yi roƙo, ga shi mun ɓoye shi don mu yi roƙo."

A sa mu a addu'a. Ka gaida Rabi da yara.

Ƙaninka,
Musa