Ngozi Za Ta Tafi

Daren Laraba, bayan isha'i

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ba ni da aminiya kamar Ngozi, 'yar mai kemis. Ita ke ɓoye mini littattafan soyayyata a bayan kwalayen magani, tana tsokanata, "Hajiya, yau kuma wa ya yi kuka?"

Tun da ɗan takarar nan ya zo ran kasuwa yana ihu wai 'yan Kudu ne suka cinye arzikinmu, ba mai shiga shagonsu. Shi kuwa 'ya'yansa suna Turai. Har Baba ya tafa masa.

Jibi za su koma garin da ba ta taɓa gani ba. Jiya ta gaishe ni na kau da kai, don tsoro. Gobe, ko a gaban wa, zan miƙa mata wasiƙar ban haƙurin nan.