Kwarmin Bangon Gidanmu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ƙungiyarmu ta 'yan fansho za ta kai mu yawon buɗe ido tsohon birni, kwana uku, ta ɗauke mana rabin kuɗin mota da masauki. An ce kowa ya zo da mutum ɗaya, na ba da sunanki. Na san tun da na sayar da gidan Baba ba ki taka ƙofata ba, shekara goma sha tara ke nan. Wallahi ina kewarki.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na ga takardarka, muna lafiya. Goge sunana. Ni za a ɗora a mota a nuna wa unguwar da aka haife ni? Je ka kai kaɗai, ai ka saba yanke shawara kai kaɗai. A gaida yara.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun dawo lafiya. An kai mu ganuwa da tsohuwar kasuwa, ana ta kora mu kamar tumaki. Rana ta biyu sai ga mu a layinmu. Ashe gidanmu ya zama gidan tarihi, har da mai yankan tikiti a ƙofa. An gitta igiya a ɗakin Inna, ba a shiga.

Kin tuna kwarmin nan na bangon tsakar gida? Mai yi mana jagora, wata mai lasifika, ta ce wai nan mayaƙan zamanin da suke wasa takubbansu. Mutane sai ɗaukar hoto suke. Na ɗaga hannu na ce kan keken Baba ne ya cinye wurin, nan yake jingina shi. Aka kwashe da dariya, ta ce mini, "Baba, bari mu ƙarasa." Ba mai ba ni shaida. Na koma mota na yi kuka.

Ke kaɗai kika rage da kika san gidan nan. Na yi kuskure da na sayar da shi, ki yafe mini.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Sannu da hanya. Kai ma shirme ka zuba musu. Wane keke? Baba a bayan ƙofa yake ajiye kekensa. Ni na haƙe wurin da cokali, duk ranar da aka bar ni da renonka kana tsala ihu, har Inna ta zane ni a kai.

Ka zo ranar Asabar da hotunan in gyara maka sauran, kafin ka ƙara ba mu kunya. Ka taho da yaran, ban san fuskar ƙaramar ba.

Allah ya kawo ku lafiya.

Yayarka