Fitilar da Ba Ka Zura Ba

Assalamu alaikum Malam, mijina. Ina gaishe ka a makwancinka.

Sai bayan sadakar arba'in ɗinka na fahimci abin da ya kashe ka. Maƙwabciyarmu Hajara, ma'aikaciyar jinya, ta karanta mini takardar da sojoji suka kawo, tana mayar da ita Hausa. Ta ce ramin ajiyar ruwan da ka shiga wankewa, su "rufaffen wuri" suke ce masa. Ta ce akwai "gwajin iska", akwai "izinin shiga", akwai "mai tsaro a baki". Na ce ta tsaya haka. Ai duk na san su, sunayen ne kawai ban sani ba.

Shekara ashirin kana haƙa rijiya daga Zurmi har Katuru. Ban taɓa ganin ka sauka ba sai ka ɗaura fitilar ƙwai a igiya ka zura. In ta mutu, ka naɗe igiyarka ka dawo gida, ko mai rijiya zai yi fushi. Kullum kana cewa, "Inda fitila ta ƙi zama, ni ma ba ni zama."

Da noma ya gagara a Kurya Madaro muka dawo Ƙaura, ka samu aikin lebura a wani sansanin soja. Na yi murna, Malam. Na ce ko ba komai kana bayan masu bindiga.

Ramin yana kusa da inda suke ajiye man motoci, kuma dokarsu ba a kunna ko ashana a wurin. Ba laifi ba ne, doka ce mai kyau. Suna da na'urar gwada iska maimakon fitila, amma ranar an tafi da ita Shinkafi. Kai kuma ba ka iya ce wa mai kaki "sai gobe". Ka bar fitilarka a bakin ƙofa, ka sauka.

Na gaji, Malam. Na gaji da masu cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, na kuma yarda. Amma jiya aka aiko wa Sani, ɗanmu, cewa an ba shi gurbinka. Matarsa na da ciki, buhun geronmu ya kusa ƙasa. Ya amsa.

Na sa Hajara ta rubuta masa kalmomin nan uku a takarda, ya sa a aljihu yana murmushi irin naka. Ya haddace su tsaf. Abin da ban sani ba shi ne ko zai iya faɗarsu a gaban mai kaki.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi.

Ran Litinin zai fara. Ba a ƙarasa wanke ramin ba, ni kuma har yanzu ban koya masa cewa a'a ba.

Matarka,
Asabe