Uwar Makullin Shagon Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ki rage hawa benen nan don Allah, ba gudu zai yi ba.

Na rubuto ne in sauke abin da ke cikina kafin ya fasa ni. Ɗanki Auta ya gama karatu ya dawo, ya ce shago zai zauna. Na yi murna, don idona ya fara hazo, hannun dama kuma yana rawa in na daɗe riƙe da magagari. Likita ya ce in ajiye aiki kafin shekara ta ƙare. Ke nan ko in miƙa wa yaron shagon, ko in rufe shi in sayar da kayan.

Murnar ba ta yi sati ba. Ran Litinin na zo na tarar da wani ƙaton allo a saman ƙofa, an rubuta Turanci da jan fenti. Na tambayi ma'anarsa, ya ce kalmar "generation" ce da lamba uku: wai Baba na ɗaya, ni na biyu, shi na uku, masu yanka makulli kaka da kakanni. Na ce to na ukun ya taɓa yanka ko makullin akwati da hannunsa? Ya yi dariya ya nuna min wani inji da ya sayo, mai allon gilashi kamar waya.

Tun ranar kalmar nan ba ta bar bakinsa ba. Injin sabon generation ne. Wayarsa ma haka. Ni da magagarina tsohon generation ne. Mai gyaran takalmi na gefenmu, da na girme shi da shekara goma sha biyu, shi ma an jefa shi cikin nawa. Har makullin da aka kwafa daga kwafi, wai a littafinsu da wannan kalmar ake ƙirga shi. Yaya, kalma ɗaya ta zama mini kamar ƙuda a kunne.

Na maimaita masa dokar Baba: ba a yanka makulli daga kwafi, sai an kawo uwar, wato makullin asali. Kowane kwafi yana cin ɗan wani abu daga haƙoran, ido ba ya gani, amma kuba tana ji. Ya ce injinsa ya fi ido gani. Na juya na ci gaba da aikina don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Maganar uwar makulli ta tuna min: ta shagon nan tana wurinki har yau, tun da Baba ya ba ki ajiya ya ce sai ranar da na yi hankali. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ban tambaya ba, ke ma ba ki taɓa cewa na yi ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Mai Makulli

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ga saƙonki. Kin ce in yi haƙuri, yaro ne. To ga abin da yaron naki ya yi.

Kin tuna mai kantin maganin da ke kwanar titinmu, wadda mahaifinta ke kawo wa Baba aiki? Shekaran jiya ina asibiti wajen duba ido, ta aiko da makullin ɗakin ajiyarta a yanka mata wani, don nata ya fara lanƙwasa. Shi kansa kwafi ne na wani kwafin, kallo ɗaya ya isa ka gane. Auta ya sa a inji, minti biyu ya miƙa. Ita kuma da ta ga sabo yana sheƙi, ta jefa tsohon a shara.

Jiya da safe ƙofa ta ƙi buɗuwa. A cikin ɗakin firjin alluranta yake, ga masu ciwon suga sun yi layi tun ƙarfe bakwai. Ta zo da kanta, ta tsaya daidai ƙarƙashin allon nan, ta wanke ni tas a gaban maƙwabta. Ta nuna lambar uku ta ce ashe abin raguwa yake yi. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Na ɗauki jakar aiki muka tafi, shi yana biye da ni kamar an jiƙa shi. Na tsuguna a bakin ƙofar, na sa sabon ƙarfe a kuba don ta yi masa shaida in bi da magagari, yadda Baba yake yi in uwa ta ɓata. Yaya, hannuna ya ƙi. Ƙarfe biyu na lalata, mutane suna kallo. Sai Auta ya tsuguna kusa da ni ya miƙo hannu. Na ba shi magagarin don ba ni da yadda zan yi.

Ni ke faɗa, shi ke gogawa: nan kaɗan, tsaya, juya, sake sawa. Awa ɗaya da rabi muka yi, gumi ya jiƙa masa rigar nan tasa mai tsada. Da kuba ta ce ƙaras, wata tsohuwa a layi har da tafi.

Duk da haka da muka koma na ɗauko tsani na sauke allon, na jingina shi fuskarsa na kallon bango. Na ce masa na yanke shawara, rufewa zan yi. Raina a ɓace yake har yanzu, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ƙaninki,
Mai Makulli

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, yaya jikin, yaya gida? Wannan gajeriya ce, kuma roƙo ce.

Yau na yi sammako fiye da kullum, na hango Auta a ƙofar shago yana fama da kuba. Ya sa makulli, ya ja baya kaɗan, ya ɗaga ƙofar da gwiwa, ya girgiza, ya sake. Na tsaya a bayan motar wani ina ƙirgawa, sai a karo na bakwai ta buɗe. Na ƙarasa da faɗana, na ce mutumin da ko ƙofar shagonsa ba ya iya buɗewa shi ne zai gaji sana'a?

Ya zare makullin ya ɗora min a tafin hannu.

"Baba, kai ka yanka min shi ranar da na dawo. Daga naka ka kwafa."

Gaskiya ya faɗa. Nawa kwafi ne, kin fi kowa sani. Ranar ina sauri, kuma a raina na ce ai ba daɗewa zai yi ba, wata biyu zai gaji ya tafi neman aikin ofis. Wata huɗu ke nan yaron nan yana kokawa da ƙofar nan kowace safiya, yana riga ni zuwa don kada in gani, bai taɓa buɗe baki ya ce min na karya dokata ba. Ni kuwa sau nawa na goranta masa tasa?

Ban ba shi haƙuri ba, kin san halina, irin na Baba ne. Na dai ce ya ɗauko tsani. Ya mai da allon, ya rataya shi a karkace, muka yi rabin awa muna musu a kan wane gefe ne ya sauka. Injin ma yana nan, amma Auta ya yarda ba zai ƙara sa masa kwafi ba. Kalmar kuwa sau uku ya faɗe ta kafin azahar, na ƙirga.

Roƙona shi ne ki duba cikin gwangwanin zarenki, ki fito da uwar makullin nan. Na san ba za ki ce na yi hankali ba, ni ma ban ce ba. Kada ki aiko min da ita. In kin zo ƙarshen wata, ki sa masa a hannunsa da kanki.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Mai Makulli na biyu